Kwalayen Baba

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya zafin Kwatano? Da fatan Rabi da yara suna lafiya. Mu nan Gangara sai godiya.

Saƙonka ya iso, kuma wallahi na jinjina wa idonka. Daga bakin teku ka hango abin kunyar da mu na gida ba mu gani ba: wai Baba na tsintar kwali a kasuwa, in hana shi.

To, ga abin da yake yi da shi. Yakan ɗan jiƙa kwalin, ya ɓare fatar sama, sai layukan ciki su fito sak kwanon rufi. Ya yanka da aska, ya manna da ƙaro, ya tada ɗan rufin ɗaki, girmansa kamar tafin hannu. Ka san tun da ƙafa ta hana shi hawa tsani, Inna kuma ta rasu, bango kawai yake kallo.

Shekaranjiya Mamman kafinta, tsohon yaronsa, ya zo gaisuwa, ya ɗauki ɗaya yana dariya. Baba ya ce, "Ajiye, ɗan nema! Dubi gangaren da kyau, shi ya sa naka ke yoyo." Suka kai la'asar suna gardama. Ranar Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida mutanen gida. Ni dai na ce masu butik, shagunan kasuwa, su riƙa ajiye masa kwali mai kauri. In na karɓe askar, wa zai zo ya zauna da shi, kai?

Ƙanwarka,
Hadiza