Ba Za A Yi Wa Inna Ƙaho Ba

Daga ofishin Babban Farfesan Zuciya da Huhu, shugaban likitocin hawa na sama, zuwa ga babban ɗan majinyaciyarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya tsare maka hanya, Ya raba ka da gyangyaɗi a kan sitiyarin babbar motar nan, amin. Mutanen gidanku duk lafiya. Baffanka mai gyaran rediyo yana nan yana ƙarasa wa mutane rediyonsu, ƙanwarka tela ta sauya keken ɗinki, akuyar nan mai cin sabulu ta haifi biyu. Kada ka yi mamakin yadda na san wannan. Mu manyan likitoci ba a ɓoye mana komai.

Na ture aikina ne don in amsa umarni biyu da ka aiko ta waya: a cire mahaifiyarka daga binciken da muke yi, kuma a kira mai ƙaho ya zuƙe gudan jinin da ka ji an ce ya toshe mata huhu. Malam, duka biyun ba za a yi ba. Zuciyar Inna ta gaji, ba ta tura jini da ƙarfi kamar da, shi ya sa ƙafafunta ke kumbura, take kwana a jingine da matasai. Jinin da ba ya gudu sai ya daskare. Ya daskare a jijiyar ƙafa, ya ɓalle, ya tafi ya tsaya a huhu, ranar da ta tashi ɗaukar buta numfashi ya gagare ta. Yana can ciki inda ƙaho ba ya kaiwa. Kuma yanzu tana shan maganin tsinka jini. Rannan wuƙa ta ɗan taɓa mata yatsa wajen yankan albasa, sai da tsumma ya jiƙe kafin jinin ya tsaya. Wannan matar kake so a tsattsaga wa baya da aska?

Ka ce ba za a mai da uwarka abin gwaji ba. To ka ji abin da ake yi mata. Ana shafa mata wani abu mai sanyi a ƙirji a ɗora na'ura, ta ga zuciyarta tana motsi a allo, har ta ce ashe ƙarama ce, duk ɓacin ran da kuka zuba mata ya shige. Ana maƙala mata wani abu a yatsa, ta yi ta kai da komo a barandar asibiti ana dubawa. Akwai wata tsohuwa mai sanda da suke tsere, ko da yake an hana su. So ake a gane yadda za a riƙa kama irin wannan gudan jini da wuri a jikin masu gajiyar zuciya. Ba wanda ya yi mata alkawarin warkewa. An bayyana mata komai da bakin da take ji, an ce duk ranar da ta ga dama ta fita, maganinta ba zai tsaya ba. Ta saurara, ta yi tambayoyinta, ta yarda da kanta.

Mai ƙahon da ka buga wa waya ya zo da jakarsa. A ƙofar gida ya haɗu da ƙaninka, yaro mai hankali da kyan fuska wanda ba a yaba masa yadda ya kamata. Yaron ya karɓe shi hannu biyu, ya kai shi ɗakin Baffa, ya ce ga majinyacin da aka ce. Baffa da ma kullum kukan ciwon baya yake, da ya ji kai ka aiko sai ya tuɓe riga yana sa maka albarka. Yanzu yana yawo da tambari a baya, yana cewa ya ji sauƙi.

Da labari ya kai wa Inna ta yi dariya har tari ya kama ta. Da ya lafa sai ta daina dariyar. Ta ce a gaya maka ita ma uwarta haka ta tafi, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama, aka yi ta turare ana cewa iska ce, ba wanda ya san sunan abin. Ta ce yanzu da aka sami masu neman sanin kansa, ba za ta rufe musu ƙofa ba, don 'ya'yanka mata ma jininta ne. Ta ce ita ta haife ka, ba kai ka haife ta ba, kuma zuciyar da ake magana a ƙirjinta take. In kana da ja, ka ajiye motar ka zo ka zauna a gabanta ka faɗa, ba ta cikin waya ba.

Ka gaishe da uwargida, da Ɗan Soja, da 'Yar Inna mai giɓi, da Kawu na shagon taya. Baffa da tela suna gaisuwa.

Yaya, ka sauke hannu daga ƙirji, babu wani Farfesa. Ni ne, Autanku. Na san in ka ga daga gare ni ne ba za ka wuce layin farko ba, za ka ce ɗan allo me ya sani. Bayanin likita ne, ni ke kai Inna asibiti, a gabana ake yi. Na ji ka sake kiran mai ƙahon. To, bari ya zo. Tabarmata na shimfiɗe a bakin ƙofar Inna, kuma askarsa ba za ta taɓa ta ba sai ta fara tsaga nawa bayan. Dukan da ka tanadar mini ka zo da shi da kanka, Inna tana son ganinka.

Ƙaninka,
Auta