Tukunyar Wankan Nusaiba

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
An yi wa 'yata Nusaiba aiki a asibiti a Mafara. Haihuwar fari. Wai ɗan ya zo a gicciye. Mijinta Zubairu ya sa hannu tun ban iso daga Bakura ba. An samu namiji, alhamdu lillahi, amma raina a ɓace yake. Gado goma ne a ɗakinsu, shida duk yanka su aka yi. Ni takwas na haifa a kan tabarma.

Juma'a, 11 ga Oktoba
An sallame mu, na taho da ita gidana. Malamar asibiti, Mufida, wadda ba ta girmi Nusaiba ba, ta tsare ni a bakin ƙofa, wai kada ruwan zafi ya taɓa ɗinkin. Na ce to. A baki kawai. Mai jego ba wanka? In sanyi ya shige ta ta kumbura, ni za a zaga. Itacena ma na riga na saya.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na ɗora babbar tukunya. Ganyen darbejiya, safe da yamma, yadda mahaifiyata ta yi mini. Nusaiba ta yi kuka. Wa bai yi ba?

Litinin, 14 ga Oktoba
Suna. Muttaka. Uwar ta kasa cin nama.

Laraba, 16 ga Oktoba
Jikinta zafi rau. Gaban zanenta a jiƙe, da wari. Ashe tun jiya ne. Na tambaye ta don me ta ɓoye.
"Inna, kar ki ce ragwanta ce."

Alhamis, 17 ga Oktoba
Mun koma asibiti. Ɗinkin ya buɗe, ya yi ruwa. Mufida ta tambaya ko an yi mata wankan jego, Nusaiba ta ce a'a, zamewa ta yi a bayi. Tana rawar ɗari tana rufa mini asiri! Na ce, "Malama, ni ce. Kwana biyar, safe da yamma."
Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ba zan bar bakin gadon nan ba sai da 'yata a kan ƙafafunta.

Talata, 29 ga Oktoba
Mun dawo gida. Duk bayan kwana biyu ina kai ta wankin ciwo, ko sau ɗaya ba za mu tsallake ba. Ruwa mai ɗumi da tsumma kawai. Har yau ba ta kumbura ba. Ina dai dubawa.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Wankan jego ba shi da laifi, a kan wannan ina nan. Maƙwabciyata Taiba ta shigo aron tukunya. 'Yarta ta haihu a Maradun, ita ma aiki aka yi mata, jibi za a kawo ta. Na ce tukunyar ta huje.
Ba ta huje ba. Na tura ta ƙarƙashin gado. Gobe da safe zan shiga wurin Taiba, in Nusaiba ta yarda in faɗi abin da ya same ta.