Tulun Burukutun Lucia Ya Shiga Coci

Dutse Alhaji, Abuja.

Zuwa ga Yayata Clara,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan kina lafiya, ke da Baban Ebenezer da yara, da sanyin Jos. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu ma lafiya ƙalau. Maigidana Zacharias yana ta aikin gini, don Abuja yanzu duk inda kika waiwaya siminti ake zubawa.

Yaya, maganar ƙanwarmu Lucia ce ta sa na ɗauki biro. Kin san shekarun da ta yi a Gwagwalada tana sayar wa leburori burukutu, da sauran abin da baki ba zai faɗa ba. To, ta tuba, ta gama zaman horo a bencin baya, dattawa sun karɓe ta, ta ci Jibin Ubangiji. Na yi murna, Allah ne shaidata. Amma ji abin da ya biyo baya. Tulun da take zuba burukutun ta wanke, ta sa aka huda gefensa, ta zo da shi Zumuntar Mata tana kaɗawa. Da ta buga sai mata su kama kuka, wai tulun ma ya tuba. Ni kuwa da nake ba da waƙa tun cocin nan yana rumfar kwano, ko sannu ba a ce mini. Har Fasto ya ce in ba da shaida bayan ta ba da tata, na miƙe na rasa ta cewa, don ban taɓa ɓata ba balle a samo ni.

Yanzu uwar zumunta ta ce Lucia ce za ta ba da waƙa a babban taron Bwari, wurin da nake tsayawa kowace shekara. Kishi nake yi, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Jiya Lucia ta zo har gida ta durƙusa, ta ce ba ta san baitocin ba, in taimaka in koya mata, in kuwa na ƙi za ta je ta ce a mayar mini da wurina. Na ce ta rera in ji, a raina ina jira ta yi kuskure. Da ta buɗe baki, muryar marigayiya Mama ce ta fito, wadda na ƙare ƙuruciyata ina kwaikwayo ban samu ba. Na shige ɗaki na bar ta a tsakar gida. Da na fito na ce ta dawo gobe mu fara daga baiti na farko. Ki yi mini addu'a, don har yanzu zuciyata ba ta huce ba.

Ki gaida Baban Ebenezer, da Ebenezer, da Elizabeth, da maƙwabciyarki Fadima. Zacharias yana gaishe ku.

Ni ce ƙanwarki,
Felicity.