Na karanta wasiƙun ɗiyata ga Allah, na ce shi ya faɗa mini

Gaisuwa gare ku masu wannan shafi da masu karatu, ina yi muku fatan alheri. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ina roƙon ku kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe, domin zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa.

Ni Kirista ce, ina zaune a Filinge. Mu nan ba mu da yawa, idan mutum ɗaya bai zo majami'a ba kowa ya san bencin da ya zama wofi. Maigidana malamin lekol ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye wajen Sanam, sai ƙarshen wata yake zuwa gida, don haka renon ɗiyarmu kusan duk a kaina yake. Zan kira ta Rahila, ba sunanta ba ne. Shekarunta goma sha huɗu. Tun bara yarinyar nan ta juye mini: da safe tana waƙa tana shara, kafin rana ta yi tsaka ta haɗe rai, ka ce mata sannu ta fashe da kuka, da marece kuma ta zo ta kwanta a cinyata tana ba ni haƙuri. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi azumi. Likita ya ce girma ne, zai wuce. Mahaifiyata kuwa, wadda ke ƙauyenmu cikin Kurfai, har yau tana riƙe da borinta, da ta zo ganinmu ta dubi Rahila ta ce, "Wagga ba ciwo ba na, masu ita na ka kiranta." Iskokin bori take nufi. Na ce mata kada in sake jin wannan magana a gidana, kuma a gaban Rahila na faɗa, da ƙarfi.

Wata safiya Rahila ta ƙi tashi, dole na hau rumbu da kaina in ɗauko damin hatsi, ni da gwiwata ta hana ni hawa shekara da shekaru. A can cikin jinka na ga kaye, littafin rubutu irin na 'yan lekol, an soke shi tsakanin kara. Ta san ba na hawa, shi ya sa ta zaɓi wurin. Na buɗe, sai na ga kowane shafi ya fara da "Ya Uba". Wasiƙu ne take rubuta wa Allah. Ai nan ya kamata in rufe, ko ba haka ba? Ban rufe ba. A tsaye bisa tsani na karance shi kaf. Ta rubuta cewa ƙawarta ta aji ta daina cin abinci kwano ɗaya da ita. Ta rubuta cewa tana kewar babanta har ƙirjinta na ciwo. Ta rubuta cewa duk ran da na ce ta dubi natsuwar ɗiyar maƙwabta, ji take kamar ta bar gidan. Na mayar da kayen yadda na same shi, na sauko.

Washegari wajen addu'ar safe, muna durƙushe mu biyu, sai na ji bakina yana cewa, "Ubangiji, ka ta'azantar da ɗiyarka a kan ƙawar da ta juya mata baya, ka kuma gafarta mini gwada ta da wata da nake yi." Da muka ce amin na ga idonta a buɗe, tana kallona. Ta ce, "Inna, wa ya hwaɗa miki?" Jama'a, hanya biyu ce a gabana, kuma ina ganinsu sarai. Na ce, "Wanda kinka hwaɗa ma." Ta rungume ni tana kuka tana dariya, tana cewa, "Ashe shina jina! Ashe shina jina!"

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ƙaryar ta yi aiki. Rahila ta lafa. Kukan bai ɗauke gaba ɗaya ba, amma yanzu in ya zo wurina take kawo shi. Ni kuma da ta ɗauki jakar lekol ta fita, sai in jawo tsani, gwiwar ma na manta da ita. Wata biyar ina haka. Abin da ta rubuta ranar Talata, ran Laraba yana cikin addu'ata. Ta je ta ba da labari a ajin masu shirin baftisma cewa Ruhu Mai Tsarki na yi wa innarta magana, matan zumunta suka fara ce mini mai baiwa, har wata ta kawo mini jaririnta in ɗora masa hannu. Na musa? Ban musa ba. Sunkuyar da kai na yi kamar mai tawali'u, alhali daɗi nake ji. Ina gaya wa kaina ai don lafiyar yarinya nake yi, wace uwa ce za ta ga ƙofa a buɗe zuwa zuciyar ɗiyarta ta ƙi leƙawa?

Bayan wani hutu da ta yi a wurin kakarta, wato mahaifiyata, na hau na tarar da sabon shafi. Layin farko ya ce: "Ya Uba, wannan kam kada ka faɗa wa Inna, na roƙe ka." Na karanta layin sau biyu, kuma na ci gaba. Ta rubuta cewa an yi wasan bori a ƙofar gidan kaka, ita tana daga nesa bakin darni, amma da mai goge ya ja wani kiɗa sai jikinta ya ɗauki rawa, ta yi kuka irin wanda ba ta taɓa yi ba, bayan nan ta ji sakayau. Kaka ta shafa kanta ta ce sun gane ta. Tana tambayar Allah ko har yanzu ita tasa ce, ko kuwa ta iskoki ce. Ta ce in Inna ta ji, za ta kore ta yadda ta kori maganar kaka.

Kwana biyu na daure ban ce komai ba. Tsoro ya cika ni, ina kallonta tana daka ina tuna yadda na baro wannan hanya da ƙyar, 'yan'uwa suka yi shekaru ba su gaishe ni ba. Rana ta uku wajen addu'a maganar ta kuɓuce mini. Na ce, "Ubangiji, ka raba ɗiyata da kiɗan goge da abin da ta ji a jikinta." Ban kai amin ba na ji ta miƙe. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Abu guda na roƙe shi. Guda tak." Ta ɗauki jakarta ta tafi lekol ba ta karya ba.

Yau mako uku. Na hau rumbu, i, na sake hawa, ku zage ni. Layi ɗaya ta ƙara: "Tunda kai ma ba ka riƙe magana, na daina faɗa maka." Daga nan sai fararen shafuka. A majami'a ana waƙa bakinta a rufe. Ta je da kanta ta ce wa matar fasto a cire sunanta daga masu baftisma. Ni kuwa ba ta fushi da ni ko kaɗan, tana yi mini aiki, tana gaishe ni, sai dai in na shigo ɗaki ta kauda ido kamar mai tsoron in karanta goshinta. Da Allah take fushi. Ni na yi satar, shi aka kama. Na ɗauki suna mai tsarki na rufe leƙe-leƙena da shi, yanzu yarinyar da ta yi tsalle tana cewa shina jinta ta ɗauke shi mai kai tsegumi.

Shekaranjiya tana tankaɗe ta ce mini, "Inna, in Baba ya zaka, ina so shi kai ni wurin Kaka in zamna." Na ce don me? Ta ce, "Kaka ko ta ji magana, ba ta hwaɗi."

Babanta zai iso ranar Asabar, bai san komai ba. In na gaya mata gaskiya, za ta san wata biyar ɗin nan da ta yi tana murna ba Ruhu ba ne, tsani ne da hannun uwarta, kuma ban san ko za ta ƙara yarda da wata kalma daga bakina ba. In na yi shiru, ni zan ci gaba da zama mai baiwa a idonta, ita kuma ta tafi tana ƙin Wanda bai yi mata laifin komai ba. Na durƙusa in yi addu'a a kai, na kasa buɗe baki, domin da wace fuska? Iyaye mata, ku da kuka reni 'yan mata, kwana uku suka rage mini. Me zan yi?