Sukurori Huɗu a Bayan Ampli

Litinin, 8 ga Mayu 2023
Jeanne, maƙwabciyata, ta dawo mini da amplin ƙara sautin da na ara wa mawaƙan cocinsu. Ba ta shigo ba. A zaure ta ajiye, ta ce "useko, Khaula", godiya da Fulatanci, ta wuce kamar ana korarta. Jeanne da ba ta barin gidan nan sai ta sha shayi.

Na kunna. Ya ɗan yi aiki, ya ɗauke. Da na juya bayansa sai na ga kawunan sukurorin nan huɗu duk sun cinye, sun zama ramuka. An buɗe shi. Ko an yi ƙoƙari.

Asabar ina da bikin gidan Hadje a Foulbéré. Kiɗan mata duk a wuyana yake.

Talata, 9 ga Mayu
Serge ne ya taɓa shi, mijin Jeanne. Wa kuma? Ya daɗe yana cewa irin wannan amplin ba a samunsa yanzu. Na ji ana cire kayan ciki masu kyau a mayar da na banza. Na ɗaga shi, sai na ji kamar ya rage nauyi. Ko ni ce.

Na gwada da sukudireba, sai zamewa take. Na ɗora guntun roba a kai kamar yadda aka ce mini, na danna da ƙarfi. Ɗaya ya fito. Ukun sun ƙi, tafin hannuna ya tashi.

Laraba, 10 ga Mayu
Mun haɗu da Jeanne a famfo. Na ce, "Maman Sidonie, lafiya dai kayan suka yi muku aiki?" Ta ce lafiya, idonta na kan bokiti.

Ban ƙara ba. Shekarun nan duka katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita ta riƙe ni ranar da na haihu. To ai wanda ya san ɗakinka shi ya san inda ake taɓawa.

Alhamis, 11 ga Mayu
Na kai wa Malam Adoum mai gyara a babbar kasuwa. Na ƙi tafiya, na zauna a kansa, shi ma ban yarda da shi ba. Da ɗan zarto ya tsaga kan kowane sukuru, ya sa sukudireba mai faɗin baki, ya ɗan buga. Biyu suka juyo. Na ƙarshen sai da ya huda shi. Ya ce wanda ya yi wannan aikin da bakin wuƙa ya yi, kuma bai kai ga buɗewa ba.

Ciki: gidan zanzaro, ƙato, busasshe, ya liƙe fankar. Shi ya sa yake zafi ya ɗauke. Ya ce ginin ya yi watanni. Watannin da yake ajiye a ɗakina ke nan.

Na sa ya duba kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Duk na asali ne. Na ce ya sake dubawa. Ya kalle ni kawai.

Juma'a, 12 ga Mayu
Sidonie, 'yarsu, ta zo aron turmi. A bakinta na ji. Wai ana tsakiyar waƙa amplin ya mutu, coci cike, baƙi har daga Pitoa. Babanta ya durƙusa yana fama da wuƙa, gumi na zuba, mutane na kallo. Da baki suka ƙarasa. Uwar ta hana a faɗa mini, wai kar in ji kunya na ba su abu marar lafiya.

Ni ce za ta ji kunya.

Amma da sun faɗa ai.

Asabar, 13 ga Mayu
Biki lafiya. Bai ɗauke ba ko sau ɗaya.

Lahadi, 14 ga Mayu
Da safe na ji suna shirin coci. Na aza amplin a kai na kai ƙofarsu, don dai ya tare mini hanya a ɗaki. Serge ya fito, ya rasa inda zai sa idonsa. Na ce masa in ya sake ɗaukewa ya aiko a kira ni, ya bar wuƙar Jeanne ta yanka albasa. Daga ciki na ji ta fashe da dariya.

Sababbin sukurorin na ɗiga musu jan farce, don in gane in an taɓa. Har yanzu ban duba ba.