Gilashin Malam Ukasha

Litinin, 4 ga Mayu, 2026

Riruwai har yanzu. Su sauran abokan aikina suna ofis a Kano suna shan sanyin na'ura, ni aka jefo kan dutse in gwada madubin hangen taurarin da na tsara. Matata Hasana ta bugo daga Gashuwa, yara suna tambayar yaushe zan dawo.

Laraba, 6 ga Mayu

Malam Ukasha, limamin unguwar ƙasan dutse, ya hawo da sandarsa. Tun yana saurayi shi ke fara ganin jinjirin wata a nan, yanzu ido ya yi rauni. Ya zagaya na'urar ya ce, "Injiniya, ina ake sa ido?" Na ce babu, ranka ya daɗe. Hasken duk kyamara yake tafiya, a can ake tsaga shi launi-launi a gane abin da ke cikin tauraro. Na nuna masa kwamfuta. Ya ce, "To ai ita ta gani, ba ni ba. Ita za ta ba da shaida?"

Haushi ya kama ni. Amma bai faɗi ƙarya ba.

Asabar, 9 ga Mayu

Ya aiko min da fura. Bai roƙi komai ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Talata, 12 ga Mayu

Na sake zana hanyar hasken. In na gitta gilashi mai raba haske biyu, ido zai samu rabonsa, kyamara ta yi asara. Taurarin nan masu dishi-dishi da na ƙare ƙuruciyata a kansu sai su ɓace min. Saboda tsoho ɗaya da ke son ganin watan Layya. Ba zan yi ba.

Alhamis, 14 ga Mayu

Na sa gilashin. Na wucin gadi ne.

Lahadi, 17 ga Mayu

Bayan magariba hadari ya ja gefe. Na saita masa, ya sunkuya, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Ya daɗe yana dubawa har na zaci bai gani ba. Can ya ce, "Ga shi nan, ɗan siriri. Allahu akbar." Ya kama hannuna: "Kai ma duba, ɗana."

Rabona da in kalli sama da idona, na manta.

Gobe ya kamata in cire gilashin. Na dai ƙara ɗaure shi, saboda iska.