Allo a Bakin Ɗakin Baya

Zuwa ga Jami'ar Gidauniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aiki.

Ranki ya daɗe, ni ne mai waldar da kuka iske a bakin asibitin unguwa ranar da kuka zo da motoci, wanda wani cikin mutanenki ya ce ya matsar masa da benci, yana zaton mai gadi ne. Ba komai. Tunda ba wanda ya tambaya, bari in gaya miki ko ni wane ne.

Sakandare ban kai ƙarshenta ba. Ban gaji ko ƙusa ba. Da tsohon injin waldar da wani ya yar na fara, ni na kwance shi na ɗaura. Na buɗe shago ba da rancen kowa ba. Na karantar da 'yar ƙanwata har ta zama nas. Yau ki bi kowane layi a garin nan, in kin ga ƙofar ƙarfe mai ɗan tsuntsu a samanta, hannuna ne. Asibitin da kuke kira cibiyarku ni na gina shi, bayan mahaifiyarmu ta cika a bayan mota, saboda babban asibiti ya yi wa talaka nisa. Ɗakin da ke bayansa ma ni na yi, ranar da ita nas ɗin ta ce min ta gaji da ɗinke goshin mace sannan ta sallame ta ta koma wurin wanda ya fasa shi. Na yi wa ɗakin ƙofar da ba ta da makulli ta waje, sai sakata ta ciki. Ba gwamnati, ba ƙungiya, ba uban kowa.

Nas ta nemi tallafinku, kun amsa, na gode. Magani ba abin rainawa ba ne. Amma ga abin da na gani ranar nan. Akwai baiwar Allah a ɗakin, mai ɗinki ce, mijinta ya rufe mata ido ɗaya da duka. Mai hotonku ya ce mata, "Ɗan juyo da wancan gefen wajen haske, ya fi fitowa." Ya waiwaya ya ce wa abokinsa, "Gara da muka zo yau, jibi kumburin ya saɓe." Injin gurza ƙarfe ya cinye min rabin kunne, amma wannan kam na ji ta sarai. Fita na yi na tofar da yawu.

Sai ga shi kun aiko ni zan haɗa allon da za a kafa, wai don a taimaki mai sana'ar unguwa. Na karanta abin da za a rubuta. Sunan gidauniya, tambarinku, sannan "Mafakar Matan da Ake Duka," har da kibiya mai nuna ɗakin baya. Sunana kuwa babu, ko a ƙasa inda kare ke ɗaga ƙafa. Ina da tambaya biyu. Wanda ya gina wuri, a ina ake rubuta shi? Kuma wanda ya ɓuya, tun yaushe ake kafa masa kibiya?

Ki ba ni amsa a rubuce, waya ba ta yi min. Na bar ki lafiya.

Mai walda

*

Zuwa ga Malam Mai Walda,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, kuma ina gaishe ka da ƙoƙari.

Da farko ina ba ka haƙuri kan zancen benci, da kuma kalaman mai hoto. Ɗan kwangila ne, ba ma'aikacinmu ba, amma mu muka kawo shi. Na yi masa magana.

Game da allo, ƙa'idar gidauniya ce duk aikin da ta tallafa a kafa masa allo kafin bikin buɗewa. Masu ba da kuɗin suna nesa, ba su taɓa ganin unguwarku ba, abin da suke gani hoto ne da allo. In babu su, shekara mai zuwa kuɗin ya tafi wani wuri. A allon ana rubuta sunan gidauniya da na wurin ne kawai, ba a sa na mutum, ko da shi ya gina. Hoton kuma za a dusashe fuskar matar yadda ko mahaifiyarta ba za ta gane ta ba.

Ina roƙonka ka tuna abin da ke cikin tallafin: maganin hawan jini, na'urar duba masu juna biyu, albashin nas ta biyu, da lauyar da za ta tsaya wa matan ɗakin baya. Tallafin dunƙule yake, ba a raba shi.

Zancen kibiya zan kai shi gaban kwamiti, amma ba na yi maka alkawari.

Tare da girmamawa,
Jami'ar tallafi

*

Kawuna,

Ina gaisuwa. Ya aikin makarantar da ka tafi sa wa ƙofofi? Ya ƙafar? Na san ba ka shan maganin, kada ka ce min kana sha. Na kira ka a waya kana ta "Eh? Wa?" kamar mai kiran awaki, shi ya sa na ba direban da ke kai maka ƙarfe wannan takarda.

Kawu, akwai matsala. Hoton ya fita a shafin gidauniya. Fuskar sun dusashe ta kam, sai ka ce an shafa mata toka. Amma a bayanta ga ƙofarka nan ɓaro-ɓaro, ga ɗan tsuntsunka ya buɗe fiffike. Kuma kafin ka fara zagin mutane, ka tuna wanda ya ja hannun mai hoto tun a tsakar gida yana cewa, "In za ka ɗauka, ka ɗauki ƙofar nan, a ga aiki." Ina tsaye.

Mijin mai ɗinki direban bas ne, ka sani. Wani ya nuna masa hoton a tasha. Ya gane mayafinta, ya gane tsuntsunka. Jiya ya je shagonka da fara'arsa, wai yana son a yi masa ƙofa irin ta hoton, a wane gida aka sa ta ya je ya gani? Masu aikinka suka ce sai ka dawo. Bai san gidan ba tukuna, amma ya fara ajiye bas ɗinsa a layinmu yana shan shayi, yana kallon duk mai shiga asibiti. Ran da aka kafa allon nan da kibiyarsa, ko makaho ma zai gane ɗakin.

Abin da ya fi damuna ita ce. Ta ji ana cewa in ba allo ba tallafi. Da safe ta ninke kayanta ta ce, "Anti nas, bari in koma. Kada a rasa maganin mutane saboda ni. Na saba." Kawu, "na saba" ta ce. Na zaunar da ita da ƙyar, na kawo mata kayan asibiti da suka yage na ce ta ɗinke min, don hannunta ya samu abin yi.

Ni ma maganin nan ina so. Tsofaffin layinmu rabin ƙwaya suke sha don ta kai su wata. Ka faɗa min yadda zan yi.

'Yarka,
Nas

*

'Yata,

Ina amsawa. Ƙafa da sauƙi, magani kuma ina sha in na tuna.

Zancen ƙofa: na ce a ɗauki ƙofa, ban ce a tsayar da mutum a gabanta ba. Amma bar shi a haka, ba zan yi jayayya da wadda ke riƙe da allura ba.

Mutumin naku mai bas bai jira na dawo ba, har nan ya biyo ni. Ina kan tsani sai ga shi da farar riga da turare, ya durƙusa har ƙasa, "Baba, barka da aiki." Na ce, "Ban haife ka ba, amma yawwa." Ya fito da waya ya nuna min. Ya ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba, iyalina ce. 'Yar hatsaniya ce irin ta harshe da haƙori, mutane suka zuga ta." Na ce, "Harshe da haƙori? Ni dai ban taɓa ganin haƙori ya rufe wa harshe ido ba." Ya yi dariya. Wallahi dariya ya yi, ya ce, "Baba, ka san mata." Sai ya tura hannu aljihu, wai ga na goro, in dai tuna masa gidan.

Na sauko. Na ce masa, "Ƙofata tana gidan alƙali, tana gidan mai unguwa, tana gidan mahauci mai 'ya'ya maza cike da zaure. Rabin garin nan tsuntsuna ne ke gadinsa. Ka fara daga farkon gari kana ƙwanƙwasawa kana cewa a fito maka da matar da ka daka, mu ga gida na nawa za ka kai da haƙoranka." Fara'ar ta ɗauke kamar an ɗauke wuta. A nan na ga fuskar da take gani a gida. Bayan ya tafi sai da na wanke hannun da na gaisa da shi.

Ban san wa ya fi ba ni ƙyama ba, shi ko masu neman kumburi ya fito a hoto. Shi ya yi ɓarnar, su kuma suna so su rataye ta a bango.

Ki karanta wa mai ɗinki wannan, kada ki rage komai. Ƙanwata, ƙofar nan ba don ado na yi mata sakata ta ciki ba. Ke kaɗai ke buɗe ta, kuma ba don maganin kowa za ki buɗe ba. Asibitin nan ya tsaya kafin gidauniya ta san da shi. Ba a sayen ƙwaya da idon mutum. Ki ajiye kayanki.

Ke kuma ki sa masu aikina su kwaso rodi da tsofaffin tagogi su jingine a bangon ɗakin, ta waje, har wurin ya yi kama da juji. Allon kuma kada kowa ya taɓa shi sai na zo.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

*

Malam Mai Walda,

Ina gaisuwa. Nas ta sanar da ni abin da ya faru. An cire hoton daga shafinmu, duk da na san wanda ya gani ya riga ya gani. Kuskurenmu ne, ni na sa hannu aka fitar da shi. Fuska na duba, ban duba bango ba.

Na yi zama da kwamiti. Ba a ji daɗina ba. Sun yarda babban allo mai tambarinmu ya tsaya a gaban asibiti, ba tare da ambaton mafaka ba. Amma sun kafe cewa ɗakin baya gini ne daban a takardunmu, dole shi ma a ga allo a jikinsa, in ba haka ba a dakatar da tallafin gaba ɗaya, a kuma rubuta cewa cibiyar ce ta ƙi bin ƙa'ida. Na sake karanta ƙa'idar. Ta ce a kafa allo. Ba ta faɗi abin da za a rubuta a na biyun ba.

Kai ne mai haɗa shi. Me za a sa?

Jami'ar tallafi

*

Ranki ya daɗe,

Na gaishe ki, kuma yau gaisuwar ta fi ta farko nauyi.

A allon gaban asibiti ku rubuta sunanku yadda kuke so, ko daga sama jirgi ya hango. Bikinku ma ku yi shi a can gaba, kada baƙo ko mai hoto ya zagaya baya.

Na ɗakin baya na riga na haɗa shi, ya fi naku faɗi. Ba kibiya, ba tambari. Sunana ne a sama, cikakke, har da na mahaifina, da manyan baƙaƙe. A ƙasa: "Ma'ajiyar Ƙarfe. Ba a Shiga." Da safen nan mijin mai ɗinki ya tsaya ya karanta, ya dubi rodin da ke jingine, ya dube ni ina zaune a bakin ƙofa da guduma a cinya. Ya ja bas ɗinsa. Ko zai dawo, Allah ne masani. Mai ɗinki tana ciki tana yi wa asibiti labule, ranar da lauyarku ta shirya ta same ta a nan.

In kwamitinku ya ga allon bai yi masa ba, ya dakatar da kuɗin, to kada a rubuta cewa cibiya ce ta ƙi, ko nas, ko matar nan. Ni ne. In kuma ya amince, ni ne dai. Ko ta wace hanya, ki buɗe takardunku ki rubuta sunana yadda yake a allon, kada a rage harafi ɗaya.

Wassalam.
Mai walda, wanda ya gina wurin